Sunan Da Na Yi Karatu Da Shi

Litinin, 7 ga Agusta 1989, bayan la'asar

Yau Malam Hadi, shugabanmu na sashen lafiya, ya aiko in same shi a Ƙaraye. Tun daga Kurugu, inda nake aiki, nake taka keke ina laluben laifin da na yi, don shi ba ya kiran mutum a banza. Ashe alheri ne. Ƙaramar hukuma ta sami gurbin mutum ɗaya a kos ɗin jami'an lafiya na asibitin koyarwa da ke Zariya, kuma ni aka zaɓa.

Aikin namu hawa-hawa ne. Akwai ed a ƙasa, mai wanke ciwo da raba kati. Sai asistan, sai sufabaiza inda nake yanzu, sai ofisa a can sama. Ofisa shi ne ake bari ya duba mara lafiya sosai, ya saurari ƙirjinsa, ya rubuta masa magani a garin da babu likita. Mutanen ƙauye duk likita suke ce mana, har mai shara, amma mu a junanmu mun san wanda ya isa. A duk asibitocin sha-ka-tafi na wajenmu, har ka dangana da Rogo, babu ofisa ko ɗaya.

Malam Hadi ya karanto mini sharuɗɗan yana leƙena ta saman tabarau. Takardar firamare. Ta sakandare mai kiredit a Turanci da Bayoloji da Kemistiri. Ta asistan da ta sufabaiza, da shaidar an yi shekaru ana aiki a karkara, da shaidar ɗan asalin gari. Duk na ainihi ake so, ba hoto ba, kuma suna ɗaya a kan kowace. Intabiyu ranar biyar ga Satumba.

"Kai ba ka da matsala, Sanusi," in ji shi. "Naka a tsare suke. Bara wani aka koro mana, ashe da takardar wansa ya shiga aiki. Kos bai samu ba, aikin ma ya rasa."

Na ce Allah ya kyauta. Ya tambaye ni gumin me nake yi, ga gari a lumshe hadari ya haɗo. Na ce keke ne.

Talata, da hantsi

Matata Zaituna tun jiya bakinta bai rufu ba. Har ta fara tambayar ko a Zariya ana barin mata su kai ziyara. Ni ma ina murna, wallahi ina murna, sai dai murnar ta ƙi sauka ciki.

Laraba, 9 ga wata, bayan azahar

Ban taɓa rubuta wannan ba, ko da yake a garinmu har awaki sun sani.

Sunana Ilu. Iliyasu ɗan Sulle, haka aka raɗa mini. Shekarar da aka buɗe firamare a Tudun Kaya aka aiko cewa kowane dagaci ya fara ba da ɗansa na cikinsa, don talakawa su ga ba yanka yaran za a yi ba. Dagacin garinmu, Baba Daudu, ɗa namiji ɗaya gare shi a lokacin, Sanusi, sa'ana. Uwarsa Hajiya Turai ta rantse ba za a kai mata shi boko a lalata ba. Ranar da malamai suka zo aka jefa Sanusi cikin rumbu, aka cika masa hannu da ƙuli-ƙuli don ya yi shiru. Ni kuma aka sa mini rigarsa aka tura ni zaure. Malamin ya ce yaya sunanka, kafin in buɗe baki Baba Dagaci ya ce, "Sanusi Daudu."

Babana yana tsugune a bakin zaure. A gidan aka haife shi, a gidan aka haifi ubansa. Abin da kakana yake a gidan ba sai na rubuta ba.

Ba mu kaɗai ba ne, gidajen sarauta da yawa haka suka yi, kuma babu wanda ya ɗauki abin a matsayin sata. A makaranta ni Sanusi ne, a gida Ilu. Da na gama sakandare Baba Dagaci da kansa ya sa hannu a shaidar asalin gari cewa ni ɗansa ne, yana dariya yana cewa bokon gidansa ya yi albarka. Babana ya rasu, Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta na bayan rumbuna, tana noma 'yar gonar da aka ba mu aro tun kafin a haife ni.

Baba Dagaci ya rasu farkon watan jiya. Jibi sadakar arba'in.

Juma'a, 11 ga wata, bayan magariba

Na dawo daga garinmu.

Bayan an shafa fatiha jama'a sun ragu, Sanusi ya ja hannuna muka shiga shigifa. Ya yi ƙiba, fataucin hatsi ya karɓe shi. Shi ba mugu ba ne, ko kusa. Wannan ma shi ya fi ba ni tsoro, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

"Takwara," ya ce. Haka yake kirana tun muna yara in yana jin tsokana. "Ka ji Liti ya shiga neman sarautar nan?"

Liti ɗan baffansa ne, malamin firamare. Na ce na ji ƙishin-ƙishin.

"An ce yanzu in za a naɗa dagaci sai an tambayi takardar boko. Shi yana da ita." Ya gyara zama. "To ni ma ai ina da ita. Tana wurinka ajiya."

Ya yi dariya, ni ma na taya shi. Sai na ga shi ya gama tasa yana jira in gama tawa.

"Ta firamare da ta sakandare kawai. Na allurar ka riƙe abinka."

Na faɗa masa maganar Zariya. Ya shiga murza carbi. Na ce ya bari in je intabiyu in dawo, sai in kawo masa. Ya girgiza kai.

"Sakataren ƙaramar hukuma, wanda zai sa hannu a tafiyarka, shi ne zai tattara takardun masu neman sarauta. Sanusi Daudu biyu a tebur ɗaya, a wata ɗaya, da takarda ɗaya? Ka haƙura da kos ɗin nan, Ilu. In Allah ya ba ni, ni da kaina zan nema maka wani abu."

Na ce zan yi tunani. Ya ce tunani ai ya zama dole ga ɗan boko. Da yake raka ni ya ce ɗakin Inna yana yoyo, ya so a gyara mata kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi, amma bari dai a ga yadda abubuwa za su kasance. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Asabar, da safe

Takardun suna nan cikin akwati, a ƙarƙashin zannuwan Zaituna. Na duba.

Lahadi, 13 ga wata, bayan magariba

Yau cika-ciki. Zaituna ta yanka zakara, maƙwabta sun aiko da tuwo, kowa yana ci yana sassauta tazuge. Ni loma ta ƙi wucewa. Ta ce duk wanda bai ƙoshi yau ba haka zai ƙare shekara da yunwa. Na ce ciki ne ke murɗa mini. Ta ce to likita ya sha magani mana.

Talata, 15 ga wata, bayan la'asar

An kawo wata mata daga wajen Rogo a kan amalanke, numfashi yana yi mata wuya, ƙafafu sun kumbura. Na ɗora abin sauraro a ƙirjinta na ji ƙara iri-iri, kamar tukunya ta fara tafasa. Na ji, amma ban san sunan abin da nake ji ba. Huhu ne ko zuciya? Maganin wannan daban, na wancan daban. Mijinta yana tsaye a kaina yana cewa, "Likita, me ka gani?"

Na yi mata allurar da nake da ita, na ce su wuce babban asibiti. Ya ce rafi ya cika, shanu ba za su shiga ba, sai ruwa ya janye. Na shimfiɗa mata tabarma a baranda.

Abin da ake koyarwa a Zariya ke nan. Ba farar rigar ofisa nake so ba, ko da yake ba zan ce ba na son rigar ba.

Laraba, da hantsi

Ta cika da asuba. Allah ya jiƙanta.

Alhamis, 17 ga wata, bayan azahar

Na faɗa wa Zaituna. Ta san labarin sunan tun kafin aure, abin da ba ta sani ba shi ne an zo karɓa. Tana tankaɗe ta ajiye rariya.

"Shi yana rumbu yana cin ƙuli-ƙuli, kai kana aji kana shan bulala, yanzu shi ne mai takarda?"

Na ce ta rage murya, katangar nan ba ta da tsawo.

"Wa ya yi ta zirga-zirga Tudun Kaya ba takalmi? Wa ya yi ta cin garin kwaki a makarantar kwana?"

Na ce duk na sani, amma Inna a gidansu take.

"To sai me? Sayen ta suka yi?"

Tana faɗa ta kama bakinta. Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, ni kuma na fita na zauna a gindin darbejiya har aka kira la'asar.

Asabar, 19 ga wata, da yamma

Wani mutum ya zo a kan babur ɗin Sanusi, ya sauke ɗanyar masara da zabi a ƙofar gida. Ya ce a gaida Malam, ya juya. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ban taɓa jin tsoron kyauta ba sai yau. Zaituna ta ce a mayar. Na ce wa ya taɓa mayar da kyautar gidan sarauta? Zabin suna nan a ɗaure suna ta kuka, ba mu yanka ba, ba mu saki ba.

Na duba akwati.

Litinin, 21 ga wata, bayan la'asar

Malam Hadi ya sake kirana don ya shirya ni. Ya ce mutum uku ko huɗu ne za su zauna, akwai likita a cikinsu. Za su fara da takardu, su jera su a tebur su duba suna da shekara, sannan su shiga tambaya. Alamomin ƙyanda, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, abin da za ka yi in mai naƙuda ta fara zubar da jini kuma babu mota. Ya ce kada in yi rawar baki, kada in ce na san abin da ban sani ba. Ya ce daga bana sai kuma Allah ya kai mu, don gurbin nan ba kullum yake zagayowa kanmu ba, in ya zagayo ma akwai na bayana da suke jira.

Har na miƙe ya ce in dakata.

"Ashe marigayi dagacin nan mahaifinka ne? A fayil ɗinka na gani. Ban zo maka gaisuwa ba, ka yafe ni. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

Na ce amin, na gode.

"Kuma na ji a ofishin sakatare wai cikin masu neman sarautar akwai wani Sanusi Daudu. Na ce ba dai namu ba, namu Zariya za shi."

Na ce ɗan uwa ne, suna ne ya zo ɗaya. Ya ce ku mutanen ƙauye sai ka ce sunaye sun ƙare a duniya. Shi mutumin birni ne, bai san rumbu yana ɓoye abin da ba hatsi ba. Na so in faɗa masa, har maganar ta zo mini baki, sai na tuna wanda aka koro bara.

Laraba, 23 ga wata, bayan magariba

Na je gaida Inna.

Tun daga tsakar gida na gane. Matan da kan tare ni da "Malam ya zo, a taɓa mu da maganin ciwon baya," yau kowa ta sunkuyar da kai a kan turminta. Akushin da ake kai wa Inna daga babban ɗaki tun rasuwar babana ban gan shi ba. Na tarar tana dama kunu a 'yar tukunya. Na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, kwaɗayin kunun ne ya taso mata.

Ni ɗan fari ne, ba ta faɗar sunana, ko na gida ko na boko. Malam take ce mini.

"Malam, wannan karatun da ake ta magana, in ka yi shi me za ka zama?"

Na yi mata bayanin hawa-hawan, tun daga ed har ofisa. Ta saurara tana juya kunu.

"Wato duk shekarun nan kai ba likita ba ne? To allurar da kake ta soka mini fa?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tambaye ni ranar intabiyun, na faɗa mata.

Zan fita aka ce Hajiya Turai tana kira. Na cire takalmi na tsuguna a bakin ƙofa.

"Ilu, abin da muka ba ka aro muke nema, ba naka ba. Mun ba ka suna ka ci arziki da shi, ba mu taɓa cewa kawo ba. Yau mai abu yana so. Uwarka a ɗakinmu take kwana, gonarmu take ci."

Ta faɗi wani abu kuma a kan kakana, a gaban jikokinta. Ba zan rubuta ba. Na ce Allah ya ƙara girma, na ɗauki takalmina.

Alhamis

Ruwa tun asuba. Ba wanda ya zo karɓar magani. Na duba akwati, na sake dubawa.

Juma'a, 25 ga wata, bayan sallah

Ina neman takalmina a ƙofar masallacin Ƙaraye sai ga Liti. Mun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa. Sannan ya matso.

"Malam Ilu, ni ba ni da rigima da kai. Amma in na ga takardun nan a hannun Sanusi zan kai ƙara, kuma kai zan kira shaida. Aji ɗaya muka zauna da kai, na san wanda ya zauna a bencin."

In na bayar, Liti zai tone ni. In na hana, Inna ce a hannunsu. Kowa Ilu yake ce mini yanzu, kamar an yi shela.

Litinin, 28 ga wata, bayan azahar

Wata mai sayar da daddawa daga garinmu ta zo karɓar maganin zazzaɓi. Tana ɗaure ƙwayar a bakin zane ta ce, "Ashe an karɓe gonar Lantana." Lantana ita ce Inna. Wai an ce mata bana gonar ta koma gandu, kada ta ƙara shiga. Gero ya riga ya fid da kai. Da hannunta ta shuka shi, da hannunta ta yi noman farko da maimai, da wannan bayan nata.

Na ba matar maganin, na kira na gaba. Na daɗe riƙe da katinsa ban ga abin da ke jiki ba.

Laraba, 30 ga wata, da hantsi

Na gwada rubuta Iliyasu Sulle a bayan wani tsohon kati. Hannuna ya yi ta tsayawa, kamar ina rubuta sunan baƙo. Mutumin nan ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. In aka karɓe ta firamare da ta sakandare, na saman a kan me za su tsaya?

Tsoro nake ji. Da safe da shi nake tashi, in ina allura yana nan, in na ji ƙarar babur sai na leƙa ta taga.

Alhamis, 31 ga wata, bayan la'asar

Yau babur ɗin Sanusi ne, kuma shi da kansa. Ya jira har marasa lafiya suka watse, ya shigo ya zauna a kujerar da suke zama. Ya rame cikin kwanakin nan, babbar rigar ta yi masa yawa.

"Ba ni na sa a karɓi gonar ba, Hajiya ce. Ka san ba na iya hana ta."

Na ce na sani.

"In Liti ya hau, gidan sarauta nasa ne. Uwata za ta fita daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Kai kana tunanin taka, ni ina tunanin tawa." Ya kalli kwalaben magani. "Kana tsammani ni na ce a sa ni a rumbu? Ina jin ku kuna wucewa da safe kuna waƙa, ni ana tura ni kiwo. Har yau in aka kawo mini takarda sai na nemi mai karanta mini."

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na tausaya masa, kuma na ji haushin kaina da na tausaya.

Ya ce Litinin za a karɓi takardun masu nema, yana so su kwana a hannunsa ranar Lahadi. In an yi haka a ranar za a mayar wa Inna gonarta, a yi wa ɗakinta sabon yaɓe. Na ce maganar Liti fa? Ya ce wannan a bar masa.

Na ce Lahadi zan kawo.

Juma'a, 1 ga Satumba

Zaituna ba ta yi mini magana ba tun jiya. Amma ta wanke farin kaftanin da na ce zan sa ranar intabiyu, ta goge, ta rataye shi a ƙusa daidai inda zan gan shi in na kwanta.

Asabar, bayan azahar

Ban san abin da zan ce wa Malam Hadi ba. Wataƙila in ce rashin lafiya. Zai ce ni da nake raba magani?

Na fito da takardun daga akwati na sa a ambulan. Ta sakandaren ta fara cin kunne, akwai ɗigon manja a gefe tun ranar da na karɓo ta na kai wa Inna ta gani. Ta riƙe ta a juye a ranar, ta ce ta yi kyau.

Lahadi, 3 ga wata, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Na fita da hantsi, ambulan a cikin riga. Na bi babbar hanya saboda keke, ta gonaki duk taɓo ce. Da na isa na hango takalma a ƙofar zaure, Sanusi yana ciki da mutanensa yana jirana. Na ce bari in fara gaida Inna, na zagaya ta ƙofar baya.

Babu asabari a ƙofar ɗakin. Na leƙa, gado yana nan ba shimfiɗa, murhu ya yi sanyi, an share ƙasa tas. Turken akuyarta babu akuya.

Wata tsohuwa a gidan, ƙawarta, ta jawo ni gefe tana magana ƙasa-ƙasa. Wai bayan sallar asuba Inna ta ɗaura ƙunshi, ta je ƙofar Hajiya Turai ta durƙusa, ta yi godiyar zaman shekaru, ta roƙi gafara, ta ja akuyarta ta fita. Sun ɗauka fushi ne, za ta zaga ta dawo. Na ce ta ina ta bi? Ta nuna hanyar gonaki.

Hanyar gonaki rafi ne a tsakiya, kuma shekaranjiya aka yi ruwan nan.

Ban san lokacin da na fita ba. Ban bi ta zaure ba, ban ma tuna da zaure ba. Na tura keke cikin taɓo har ya ƙi tafiya, na jingine shi a wata gona na ci gaba da ƙafa. Duk wanda na gani sai in ce ka ga tsohuwa da akuya? Wani ya ce ya gani da sassafe, wani ya ce bai gani ba. A bakin rafi na ga ruwa ja yana gudu yana jan karmami. Na bi gaɓa ina duba cikin ciyayi, ina duba abin da ba na so in gani. A nan na yi ta kiran Inna kamar ƙaramin yaro. Na cire ambulan na ɗora a ka na shiga ruwan, ban sani ba ko ita nake bi ko gawarta.

Azahar ta wuce na iso Kurugu. Tun daga nesa na hango akuya ɗaure a ginshiƙin barandar asibiti.

Tana zaune a bencin marasa lafiya, ƙunshinta a gefe, zanenta bai gama bushewa ba. Zaituna tana tsugune a gabanta da kwanon fura, idonta ja.

Na ce, "Inna, rafin nan kika shiga?"

"Nan ya kawo mini." Ta nuna ƙirjinta. "Akuyar ce ta so ta ba ni wahala."

"Ɗakinki fa? Geronki fa?"

"Ɗakinsu. Gonarsu. Na mayar musu, na yi godiya."

Na ce a can aka binne babana, a can ƙawayenta suke, duk rayuwarta a can ta yi. Ta ce ta sani, ba sai an karanta mata ba. Ta dubi ambulan da ke hannuna ta ce ko ya jiƙe? Na ce a'a.

"Da ni suke riƙe ka, Malam. To ga ni. Sai su nemi wani abin riƙon."

Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba. Na ce mata ba a gama ba, Sanusi yana can yana jira, gobe zai san ban zo ba. Zai iya zuwa wurin sakatare ya faɗi komai, in rasa kos in rasa aiki, mu uku mu rasa wurin kwana. Ta ce zai iya. Ta tambayi Zaituna ko motar Zariya da sassafe take tashi, Zaituna ta ce da sassafe, daga Rogo.

Sai ta miƙo ƙafarta ta dama ta ɗora a kan benci.

"Kafin ka tafi duba mini nan. Ƙaya ce ta shige tun kafin rafi."

Na ɗauko hantsaki da ruwan wanke ciwo na durƙusa. Tafin ƙafar ya kumbura, duk ya tsattsage. Na kama, hannuna yana ta rawa, na kasa ko taɓa bakin ƙayar. Ta zuba mini ido tana kallo.

"In haka za ka yi a gaban mutanen Zariya," ta ce, "gara ka tsaya ka gama rawar a kaina."

Na ja numfashi, na sake kamawa. Ƙayar doguwa ce, ta fito da jini, Inna ko motsi ba ta yi ba.